HANKICIN MANOMI: AMFANINSA, HAƊARINSA DA YADDA AKE KULA DA SHI

GABATARWA

Ɗan'uwa manomi, sa hannu a aljihun rigarka ta gona. Da wuya ka rasa ɗan hankici ko wani ƙyalle a ciki. Da shi kake share gumi, da shi kake fyace majina, a cikinsa kake ƙulle goro, in ƙura ta taso ka ɗaura shi a hanci. Ba ka taɓa lissafa shi cikin kayan aiki ba, kamar yadda kake lissafa fartanya da galma da lauje. To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shekaru da dama rashin zaman lafiya ya raba manoman ƙasar Birnin Gwari da gonakinsu na bakin daji. A ƙarshen shekarar 2024 aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane da yawa suka koma gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Gonar da ta yi shekaru ba a noma ba, ciyawa ta cinye ta, sai mai ita ya koma ga maganin feshi. Irin shuka kuwa, ko ya daɗe a ajiye, ko an auno shi a kasuwa ba a san asalinsa ba. Ruwan sha a gonar nesa kuma na rafi ne ko na kududdufi. A duk waɗannan wurare uku hankici yana shiga. Yana iya taimakonka, yana kuma iya kwantar da kai.

Abin da wannan takarda take son ka riƙe guda ɗaya ne: kowane hankici da aikinsa. Wanda ya taɓa magani kada ya taɓa fuska, kada ya taɓa abinci.

1. ABIN DA YA FARU A WATA GONAR WAKE

Wata damina, cikin watan Satumba, na biya ta gonar wani dattijo da hantsi, na tarar yana fesa wa wakensa maganin ƙwari. Ya ɗaura farin hankici a hanci. Da ya gan ni sai ya ce, "Malam, ka ga ni ma na bi dokarku." Na yi masa magana a kan ya daina fuskantar iska, na hau babur na wuce ƙauye na gaba. Ban ce masa kome game da hankicin ba. Wannan kuskurena ne, kuma shi ya sa nake rubuta wannan bayani.

Da ya gama feshi ya kwance hankicin, ya share fuska da wuya da shi. Ya ji da ɗan danshi, sai ya ƙulle goronsa a ciki don kada ya bushe. Ya ci goron bayan azahar. Kafin la'asar ciwon kai ya kama shi, miyau yana zuba, gumi yana karyo masa, ga amai, ga gani dishi-dishi. 'Ya'yansa suka ɗora shi a babur sai asibiti. Allah ya sa da sauran kwana, ya tashi bayan kwana uku. Amma abin da aka kashe ya sayi takunkumin kirki da safar hannu har da canji, kuma feshi na biyu ya wuce shi, tsutsa ta shiga waken.

Wannan dattijo bai sha magani daga kwalba ba. Hankicinsa ne ya kai masa shi baki.

2. HANKICI DA MAGANIN FESHI

Maganin feshi yana shiga jikin mutum ta hanya uku: ta fata, ta hanci, ta baki. Mafi yawansa ta fata yake shiga, musamman hannu, da baya in famfon yana yoyo, da fuska in akwai gumi. Saboda haka wanda ya rufe hanci kaɗai, ya bar hannu da ƙafa a buɗe, bai tsare kansa ba.

Ɗaga hankicinka ka duba shi ta hasken rana. Za ka ga 'yan ƙananan huji tsakanin zare da zare. Hankici busasshe yana tare manyan ɗigo, amma feshi mai laushi kamar hazo da tururin magani ta waɗannan huji suke wucewa. Bayan ɗan lokaci numfashinka da guminka sun jiƙa shi. Daga nan ya zama kamar soso, yana tsotsar magani yana riƙe maka shi a kan leɓe da hanci har ka gama aiki.

Kafin ka sayi magani, dubi layin launi da ke gindin takardar kwalba:

JA: guba ce mai tsanani ƙwarai. Ƙaramin manomi ya bar shi a kanti.
RAWAYA: mai haɗari ne, sai da cikakken kayan kariya.
SHUƊI: a yi hattara.
KORE: haɗarinsa kaɗan ne, amma shi ma ba abin wasa ba ne.

In magani biyu suna aiki ɗaya, ɗauki mai sauƙin haɗari. Maganin ciyawar nan mai ƙone ganye nan take, wanda sinadarinsa ake kira farakwat, hukumar NAFDAC ta hana shi tun farkon shekarar 2024. Ba shi da makari. Ɗan kaɗan in ya shiga ciki yana lalata huhu da ƙoda. In ka gan shi a kasuwa, kome araharsa, wuce shi.

Ga abin da ya kamata ka yi ranar feshi:

(a) Sa riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, hula da tabarau. Sa takunkumi irin wanda aka yi domin feshi. In ya yi wa mutum ɗaya tsada, ku haɗa kuɗi a ƙungiya ku saya wa masu yi muku feshi.

(b) In babu yadda za ka yi sai hankici, to ya zama wankakke, busasshe, ninki biyu, kuma da zarar ya jiƙe ka cire shi ka sa wani. Ka san dai kariyarsa kaɗan ce. Wannan hankici ya zama na magani ke nan, ba ya sake komawa aljihu.

(c) Yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta. Kada ka yi da tsakar rana. Tafi yadda iska za ta kwashe feshin daga jikinka.

(d) In bakin famfo ya toshe kada ka busa shi da baki, kada ka goge shi da hankicin aljihu. Tsokace shi da tsinken ciyawa, ka ɗauraye da ruwa.

(e) In famfon yana yoyo a bayanka, gyara shi. Kada ka tokara tsumma tsakaninsa da bayanka. Tsumman zai jiƙe, fatarka ta yi ta sha.

(f) Ba cin goro, ba shan taba, ba shan ruwa, sai ka wanke hannu da fuska da sabulu.

(g) Da ka gama, yi wanka da sabulu, ka canza tufafi tun kafin ka ɗauki yaro.

Nemi tsumma guda, ka ɗinka masa jan zare ko ka ɗaura masa jan ƙyalle. Shi ne na goge famfo da kwalba. Wurin zamansa cikin leda ne, tare da famfon, inda yara ba sa kaiwa. In ya tsufa a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne shi.

Wasu kuma suna ƙulle ƙwayar nan ta kashe ƙwarin hatsi, wadda ake kira bom, a cikin ƙyalle su tura cikin buhu. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Kada a ajiye irin wannan buhu a ɗakin kwana, ko ɗakin da bango ɗaya ya raba shi da na kwana. Ƙyallen da tokar da ta rage a cikinsa a binne su. Wanda ya fi duka shi ne buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaure shi iska ba ta shiga. Yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

In magani ya bugi mutum: fitar da shi daga gonar, cire masa tufafin, wanke jikinsa da ruwa da sabulu. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta kamar minti 15. Kada a ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai dole. A kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar don likita ya ga irin maganin.

3. GWAJIN IRI DA HANKICI

Nan ne hankici yake biyan kuɗinsa. Ido ba ya gane iri mai rai da matacce. Masara tana iya yin kyau a faifai, amma zafin ɗaki ko danshi ko ƙwari sun kashe ta tun tuni. Waken soya ya fi kowa saurin mutuwa. Wanda ya sha zafin bazara a ɗakin kwano ba a yarda da shi sai an gwada. Eka ɗaya ta masara tana cin iri wajen kilo 8. Kuɗin huɗa da na taki da na maganin ciyawa ɗaya ne, ko shuka ta fito ko ba ta fito ba. In cikin kowane rami 10 guda 4 babu kome, ka yi wa ƙasa banza hidima. Cikon da za ka yi daga baya kuwa, na farko sun riga sun rufe shi da inuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Lokacin gwaji: mako biyu zuwa uku kafin shuka. A wannan yanki namu, daga ƙarshen Afrilu zuwa cikin Mayu ke nan ga masara.

Kayan aiki: hankicin auduga mai faɗin inci 18, ruwa mai tsabta, guntun karan dawa, zare ko igiya, da tukunya ko ƙwarya mai murfi.

Yadda ake yi:

1. Ɗebi iri daga saman buhu, da tsakiya, da gindi. Cuɗanya su.

2. Ƙirga ƙwaya 100 yadda suka zo hannunka. Kada ka zaɓi masu kyau. In ka zaɓa kanka ka cuta.

3. Jiƙa hankicin, ka matse shi har ruwa ya daina ɗiga. Shimfiɗa shi a kan faifai ko tabarma.

4. Jera ƙwayoyin layi 10, kowane layi ƙwaya 10, ka bar kamar faɗin yatsa biyu tsakaninsu. In gyaɗa ce ko wake mai manyan ƙwaya, raba su hankici biyu, 50 a kowanne.

5. Ɗora karan a gefe ɗaya, ka naɗe hankicin a jikinsa sannu a hankali kamar naɗin tabarma. Kada ka matse, iri yana bukatar iska. Ɗaure bakin nan biyu.

6. Sa shi cikin tukunya ko ƙwarya, ka rufe sama-sama, ka ajiye a inuwa inda ɓera da kaji da tururuwa ba za su kai ba.

7. Yayyafa masa ruwa safe da yamma. Ya zauna da danshi kullum, amma kada ya kwanta cikin ruwa. Da zafin bazara yana saurin bushewa, in ya bushe sau ɗaya gwajin ya ɓaci.

8. Warware ka ƙirga. Masara bayan kwana 7. Wake da waken soya kwana 8. Dawa da gyaɗa kwana 10. Shinkafa a ba ta har kwana 14.

Ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da toho masu ƙarfi kawai. Wanda ya kumbura bai tsira ba, da wanda ya ruɓe, da wanda ya yi ɗan tsiro a murɗe, duk ba sa cikin lissafi.

Abin da lissafin yake gaya maka:

85 zuwa 100: iri mai kyau ne. Shuka yadda ka saba.
70 zuwa 84: zai yi, amma ƙara yawan iri. Inda kake sa biyu sa uku, ka cire daga baya.
Ƙasa da 70: nemi wani. In ba a sa masa magani ba, a kai shi injin niƙa.

In a kasuwa za ka auni iri, fara sayen gwangwani ɗaya ka gwada kafin ka biya kuɗin tiya goma. Ko irin kamfani ne da ke cikin leda, ko ingantaccen iri irin su SAMMAZ da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take fitarwa, in ya kwana shekara a hannunka ko a kanti, gwada shi. Ba asalinsa kake tuhuma ba, ajiyarsa kake tuhuma.

A lura: irin da ka ga ya yi ja ko ruwan hoda ko kore, an cuɗa shi da magani ne. Sa leda ko safa a hannu kafin ka ƙirga shi. Hankicin gwajin iri ba ya zuwa kusa da abinci ko fuska har abada.

4. TACE RUWA, NONO DA ZUMA

Dattawa ba su manta kurkunu ba. A da, da damina ta kankama sai ya kwantar da majiya ƙarfi, gona ta rasa mai noma ta. A shekarar 1988 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Babu allurarsa, babu ƙwayarsa. Cikin manyan abubuwan da suka kore shi akwai ɗan ƙyallen tace ruwa da aka raba gida-gida, domin 'ya'yan tsutsar suna zaune ne cikin wasu ƙananan halittu masu kama da ƙuma a ruwan tafki, ƙyalle kuwa yana tare su. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da an rabu da shi a 2013. A ƙasar Bangaladash kuma, wani bincike da aka buga a 2003 ya nuna cewa a ƙauyukan da mata suke tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, masu kamuwa da kwalara sun ragu da kusan rabi.

To, in aiki ya kai ka gonar da babu rijiya, ga yadda za ka yi:

(a) Bar ruwan ya kwanta tukuna in yana da laka.
(b) Ninka hankicin tata gida huɗu, ka ɗaura a bakin tulu ko jarka, ka zuba a hankali.
(c) Yi wa gefe ɗaya alama da zare, kullum shi ne sama. In ka juya shi, dattin da ya tare ka mayar cikin ruwan.
(d) Ɗauraye shi da ruwan da ka tace, ka shanya a rana.
(e) In ya huje ko ya yi shara-shara, aikinsa ya ƙare.

Yadin da ya sha wanki ya fi sabo tata, domin zarensa ya yi laushi ya haɗe. Amma ka sani, tata ba ta cire ƙananan ƙwayoyin cuta duka, ba ta kuma cire maganin feshi in ya shiga ruwa. Ruwan da yara za su sha a tafasa shi bayan an tace. Kada a wanke famfo a rafi. Kada a zuba ruwan sha a jarkar magani, ko an wanke ta sau nawa.

Haka nan nono in an tatso, a tace shi da farin ƙyalle mai tsabta don gashi da ƙasa, sannan a dafa. Zuma ma in an tace ta da ƙyalle busasshe ta fi haske, ta fi daraja a kasuwa. Ƙyallen zuma kada ya zama da ruwa ko kaɗan, ruwa yana sa ta tsami.

5. ƘURA, RANA DA TSANDO

Wajen bugun dawa, casar shinkafa, gurzar masara a inji da sheƙa, hankicin aljihu yana da amfani sosai. Ninka shi biyu ka rufe hanci da baki, ƙaiƙayi da manyan ƙura ba za su dame ka ba. In hatsin ya yi funfuna, ƙurarsa tana da illa ga ƙirji. Yi aikin a fili, iska tana bayanka. Da ka tashi aiki a wanke hankicin, kada a kakkaɓe shi a mayar aljihu.

Da zafin rana, jiƙa shi da ruwa ka ɗora a wuya ko ƙarƙashin malafa. Yana sanyaya jiki. Wannan ban da ranar feshi.

Masu gona kusa da Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, da masu noman fadama a bakin kogin Mariga da rafukansa, ku kula da launi. Ƙudan tsando, mai kawo wa shanu sammore, yana son shuɗi da baƙi. Shi ya sa ma'aikata suke ɗinka tarkonsa da yadi shuɗi da baƙi. Kada ka rataya wa wuyanka abin da zai kira shi. Fari ko ruwan ƙasa ya fi.

6. RAUNI DA SARAN MACIJI

Ajiye hankici guda fari, wanda aka tafasa aka goge, cikin leda a ɗaure, a jakar gona. Ba a taɓa shi sai ranar tsautsayi.

In lauje ko adda ko gatari ya sare ka: wanke wurin da ruwa mai tsabta, ninka hankicin ka danne bakin ciwon da ƙarfi kamar minti 10 ba ɗagawa. Ɗaga hannun ko ƙafar sama. In jini ya jiƙa shi kada ka cire, ƙara wani a kai. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko baƙin mai. In ciwon yana da zurfi a je asibiti, a yi ɗinki da allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Gonar da ta koma daji ba ta rasa maciji: kububuwa, kasa, gamsheƙa. In ya sari mutum, abin da aka saba shi ne a ɗaure sama da wurin tamau da hankici ko igiya. Kada a yi haka. Ɗaurin yana tsare jini, naman ya mutu, wani lokaci har a yanke ƙafar. Kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da mutumin, a cire masa zobe ko agogo ko takalmi kafin wurin ya kumbura. A jera kara a jikin ƙafar kamar za a yi ɗori, a ɗaure da hankici sako-sako, yadda yatsa zai shiga, don dai kada ta motsa. A ɗauke shi, kada ya taka, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji. In gamsheƙa ta yi wa mutum tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kada a murza da ƙyalle.

7. YADDA ZA KA ƊINKA NAKA

Ba sai ka sayi na kanti ba. Yawancinsu ƙanana ne, wasu kuma na roba ne, ba sa shan ruwa.

Zaɓen yadi: nemi auduga zalla, kamar akoko ko alawayyo, ko tsohon zanen atamfa da bai huje ba. In kana shakka, zare ɗan zare ka kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Sabon yadi a wanke shi sau biyu don sitacin ya fita.

Yanka: yadi ɗaya mai faɗin inci 36, in ka ninka shi biyu ka sake ninkawa, ka yanka, ka sami hankici huɗu masu inci 18. Wannan girma ya isa ɗaurawa a ƙeya, ya isa bakin tulu, ya isa jera ƙwaya 100.

Kalmasa: lanƙwasa baki kamar faɗin karan ashana biyu, ka sake lanƙwasawa, ka bi da allura da zare, ɗinki ƙanana kusa da kusa. In ba a kalmashe ba zare zai yi ta zarewa yana faɗawa cikin nono ko ciwo. Tela zai yi maka huɗun cikin ɗan lokaci, amma uwargida ko yaro ɗan makaranta ma za su iya da hannu.

Alama: a kusurwa ɗaya a yi ɗan ado da zare mai launi, yadda wanda bai iya karatu ba zai gane, a kuma ɗinka ɗan maratayi.

Baƙin zare: na aljihu, don gumi da ƙura.
Shuɗin zare: na tata.
Koren zare: na gwajin iri.
Fari, ba alama: na rauni.
Jan zare: tsumman magani. Shi wannan daga tsohuwar riga za a yanko shi.

Nuna wa kowa a gidan waɗannan alamu, har yara. Yaron da ya san ja guba ne ba zai share bakin ƙanensa da shi ba. Matan da suka iya ɗinki kuma suna iya yin su huɗu-huɗu a ƙulli, su kai kasuwa gab da faɗuwar damina.

8. WANKI DA AJIYA

(a) Na aljihu a wanke shi kullum da sabulu. Mai mura ko tari ko ciwon ido kada ya ba wani nasa. Kada a share idon yara biyu da ƙyalle ɗaya.

(b) Na tata da na rauni a tafasa su minti 10 bayan wanki.

(c) Tsumman magani da tufafin feshi, wanda ya yi feshin shi zai wanke su, da safa a hannu, a bokitinsu daban. Kada a haɗa su da kayan gida. Kada a ba mace mai ciki ko mai goyo ko yaro. Ruwan wankin a zuba shi a rami nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

(d) A shanya a igiya cikin rana, kada a shimfiɗa a ƙasa. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai inuwa da jiƙaƙƙen tufa, tsutsarsa ta shiga fata ta yi kamar maruru. Guga da dutsen gawayi yana kashe ƙwan.

(e) Kada a ajiye hankici da danshi a aljihu ko leda. Funfuna za ta kama shi, ya yi wari, ya ruɓe.

(f) Kowanne da ƙusarsa. Na tata a rataye kusa da randa, na iri tare da iri, na rauni a jakar gona, ja tare da famfo.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Hankici ba takunkumin feshi ba ne.
2. Wanda ya taɓa magani ba ya taɓa fuska, goro ko abinci.
3. Gwada ƙwaya 100 kafin ka shuka eka.
4. Tace ruwa da ninki huɗu, na yara a tafasa.
5. Danne rauni da ƙyalle mai tsabta. Kada a ɗaure saran maciji tamau.
6. Yadi ɗaya, hankici huɗu, kowanne da alamarsa.

In akwai abin da bai fito maka sosai ba, tuntuɓi malamin gona na yankinku. Ku taru a ƙungiya, kowa ya zo da irinsa da hankicinsa, a yi gwajin tare tun ruwa bai sauka ba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.